Ledar da Ta Ƙaryata Idona

Tun da na dawo daga Tanzaniya ban huta ba. In na je suna a tambaye ni, in na je gaisuwa a ja ni gefe a tambaye ni, har a layin awon ciki sai wata ta ce, "Inna Hajara, wai da gaske can ma tuwo suke ci?" Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk mai tambaya in miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san ni ba, ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a Gwaram. Na kama aiki tun ana ce wa Jigawa sabuwar jiha, lokacin da wasu takardun ofis ɗinmu ma sai an soke sunan Kano da biro kafin a yi rubutu. Yaran da na karɓa da hannuna su ne yanzu suke kawo mini matansu. Na faɗi wannan ne don ku san irin girman kan da na tafi da shi.

Dakta Sa'adatu, wata likitar mata a Birnin Kudu, ita ta sa sunana. Ta ce za a yi horon mako guda a Darussalam a kan sabon abin da masu bincike suka gano game da zubar jini bayan haihuwa, kuma ana son ungozoma ɗaya daga karkara. Na ce mata a nemi wata. Ba jin kai ba ne ya sa. 'Yata ta fari tana gabana da cikin wata takwas. Haihuwarta ta farko a Maruta ta yi, a ɗakin mijinta, jini ya ɓalle mata, aka kwaso ta a bayan akori-kura sai Birnin Kudu, idonta ya kakkafe. Sai da aka yi mata ƙarin jini leda uku kafin ta gane mutane. Wadda ta taɓa yin haka kuwa, mu masu aikin mun san tana iya sakewa. Shi ya sa na ɗauko ta na ajiye a gidana, na ce ko nan da can ba ni zuwa sai ta sauka.

Ita ce ta kore ni. Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Inna, abin da ya kusa kashe ni ne fa za a koya. In kin ƙi zuwa, wa zai je?"

Na damƙa ta a hannun Asabe, abokiyar aikina ta shekara goma sha biyu, na ce ko atishawa yarinyar nan ta yi a buga mini waya.

Daga Gwaram bas na shiga, irin wadda ake cewa mutum huɗu a layi amma a zuba biyar da buhun gero. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ji inda za ni, sai ya ce in dai zan haye teku to in roƙo masa maganin ƙugu. Na ce Baba, haihuwa za mu koyo. Ya ce ai duk ƙugu ne. A Birnin Kudu na tarar da Dakta da 'yar jakarta guda mai taya, ni kuwa da ƙatuwar jaka da ƙunshi biyu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Inna, hijira za ki yi?" Na ce ke dai bari, ranar da yunwa ta kama ki za ki san amfanina.

Ban taɓa hawa jirgi ba sai ranar a Kano. Ba zan ɓoye ba, da ya ɗaga duk addu'ar da na sani sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Hannun Dakta na riƙe, sai da muka sauka Habasha don canjin jirgi na ga shatin farcena a jikinta.

Muna dab da sauka Darussalam aka yi sanarwa, na ga Dakta ta dafe kai. Wai a ƙasar nan an hana shiga da ledar zuba kaya. Leda dai, wannan baƙar ledar da muke ƙulla komai a ciki, wadda in iska ta taso a kasuwar Gwaram har kan bishiya take hawa. Ni kuwa yajina a leda, kuka a leda, daddawa a leda uku don wari, garin kunu a leda, dambun nama a leda, takalmin ma a leda. Bayan an duba fasfo da katin rigakafi, aka kai ni wani tebur. Ma'aikaciyar da ke wurin ta fara kwancewa ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan daddawa ta buɗe ta uku, sai ta ja da baya ta toshe hanci, ta kira 'yar'uwarta, suka yi ta kallona kamar na kawo mushe. Dakta tana ta bayani da Turanci tana danne dariya. Ni kuma raina ya ɓaci, na gutsuri daddawar na jefa a baki a gabansu, don su san abinci ce.

Shi ke nan fa, dariya ta ƙwace musu. Matar nan da kanta ta je ta samo mini jakunkunan takarda, ta taya ni juyewa, abin da ya ragu na ƙulle a bakin ɗankwalayena. Ta sallame ni tana dafa kafaɗata tana cewa wani abu da harshensu. Ban ji ba, amma na san ba zagi ba ne.

Masaukinmu wani gidan baƙi ne kusa da asibitin da za a yi horon, ɗaki fes, gado da gidan sauro. Zafin garin ba irin namu ba ne, mai danshi ne, kana fitowa daga wanka kana neman wani. Teku kuwa na gan shi sau ɗaya, ruwa ne ba iyaka, na ce Allah mai iko, na koma mota. Masu tambayar tuwo, e, suna ci. Na masara ne fari tas, sun tuƙa shi da tauri, sai dai ba miya mai yauƙi, sai ganye da wake ko kifi a gefe. Shinkafa da kwakwa suke dafa ta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ayaba ɗanya a dafa ta da nama a ce abincin rana ne. Kwana biyu na daure, rana ta uku na shiga kicin na roƙi mai girkin tukunya, na kaɗa miyar kuka. Dakta da ta yi mini tsiyar kaya, malmala biyu ta tashi da su.

Al'adarsu da ta fi ba ni wahala ita ce ta suna. Can ba a kiran babbar mace da sunanta, sai da sunan ɗanta na fari. Malamar da za ta koyar da mu, wata ƙaƙƙarfar dattijuwar ungozoma da ake kira Mama Rehema, ta zagayo tana tambayar kowa. Da ta zo kaina ta ce mene ne sunan ɗana na fari. Jama'a, ni Bahaushiya, shekara ashirin da shida ban taɓa kama sunan yarinyar nan a bainar mutane ba. Na sunkuyar da kai. Ta zaci rasuwa ta yi, har ta fara ba ni haƙuri. Sai da Dakta ta yi mata bayanin kunyar ɗan fari, ta kuma faɗa mata sunan. Mama Rehema ta riƙe baki ta ce, "Ku ɓoyewa kuke yi don ƙauna, mu kuma shela muke yi don ƙauna." Daga ranar da sunan suke kirana, ni kuma duk kira sai na waiga in ga ko akwai ɗan garinmu a kusa.

Ranar farko ba a buɗe littafi ba. An kai mu wani ɗaki da aka jera gadaje, kowanne an shimfiɗa zannuwa da tsummoki an jiƙa su da jan ruwa, wani har ya ɗiga ƙasa. Mu ungozomomi ne daga ƙasashe daban-daban. Aka ba kowa takarda, wai ta rubuta yawan jinin da take gani a kowane gado. Na yi dariya a raina. Ni za a gwada wa jini? Ko minti biyu ban yi ba na gama, na koma na harɗe.

Ga wanda ba aikinsa ba, ƙa'idar ita ce in jinin mai jego ya kai rabin lita, wato cikin ledar ruwan sanyi guda da ake sayarwa a tasha, to an shiga haɗari. A gado na uku na rubuta bai kai rabin lita ba. Mama Rehema ta ɗaga kofin awon da ta zuba ruwan da shi, ta ce lita guda cif ta zuba. Na ce a'a, a sake. Ta ɗauko sabon zane, ta auna a gabana, ta tsiyaya. Zanen ya shanye, katifa ta shanye, abin da ya rage a ido bai taka kara ya karya ba. Ba ni kaɗai ba, kusan duk ɗakin ƙasa da ainihin adadin muka rubuta, kuma tsofaffin hannu irina ba mu fi sababbi ba.

Daga nan ta yi mana bayanin abin da aka gano. An yi bincike a asibitoci da yawa a ƙasashen Afirka, har da na arewacin ƙasarmu. An ga cewa yawancin matan da jini ke kayarwa, magani yana nan kusa da su, gane haɗarin ne ake makara, domin ido yana rage jini. Sannan tsohuwar hanyar da aka koya mana, a yi allura ɗaya a jira, in bai tsaya ba a gwada wata, jiran nan ne yake cin rai. Sabuwar hanyar abu biyu ce. Da jariri ya fito sai a shimfiɗa wa uwar wata leda mai aljihu kamar mazurari, da layukan awo a jikinta, duk abin da ya zuba ya taru a wuri ɗaya, ana dubawa a kai a kai har awa guda. In ya kai layi, ba jira. A murza mahaifa, a yi allurar da ke sa ta tsuke, a yi wadda ke hana jini tsinkewa, a ɗaura ƙarin ruwa, a duba ko akwai inda ya yage, duk a lokaci guda. Asibitocin da suka bi wannan, mummunar zubar jini ta ragu a cikinsu ƙwarai.

Ban ji ƙarshen darasin ba. Hankalina ya koma wajen wata yarinya 'yar Yalwan Damai da na karɓi haihuwarta ina sabuwar aiki. Ta haihu lafiya, na duba zanenta na ce jini daidai, na rufa ta, na fita wanke hannu da kayan aiki. Da na dawo ta yi sanyi. Shekara talatin ina cewa kwananta ne ya ƙare. Kuma kwanan nata ne ya ƙare, ban ja da wannan ba. Amma ranar na san cewa zanen nan da na duba, abin da ya shanye ya ninka abin da ya nuna mini.

Da aka fita shan shayi ban fita ba. Mama Rehema ta dawo da kofi biyu, shayinsu mai madara da citta, ta zauna a gefen gadon. Da guntun Turancina na ba ta labari. Ba ta ce mini ba laifina ba ne, kuma na gode da ba ta ce ba. Cewa ta yi, "Tawa sunanta Zuhura. Duk wadda kika gani a ɗakin nan da furfura tana da tata." Sai na gaya mata zancen 'yata da watan da take ciki. Ta ajiye kofi ta ce, "To ke ba hutu."

Haka kuwa aka yi. Kullum in an tashi da la'asar sai ta tsare ni a ɗakin gwaji da wata 'yar tsana mai ciki ta roba. Ta buɗe jan ruwa ta kama agogo, ta ce in fara. In na tsaya tunani ta daka mini tsawa. In na yi allura ɗaya na tsaya kallo, ta ce, "Me kike jira, ta mutu?" Ni da nake yi wa ɗalibai tsawa a Gwaram, sai ga ni ana juya ni kamar waina. Na ji haushinta ranar farko, har na ce wa Dakta matar nan ba ta da ta ido. Kafin mako ya ƙare hannuna yana yin abin kafin kaina ya tuna. Kowace safiya kuma in na kira Asabe, in ta ce shiru dai, sai in ji numfashina ya dawo.

Ranar sallama aka ba kowane asibiti kwalin ledojin nan. Mama Rehema ta rako mu har bakin mota, ta rungume ni, ta ce in an sauka in aiko mata da hoto. Na kwance ragowar yajina na ba ta, don shi kaɗai ta yaba a cikin kayana. A filin jirgi na ce wa Dakta, ka ji mutane, sun raba ni da ledata sun haɗo ni da tasu kwali guda. Da muka sauka Kano ban yarda mun wuce ba sai da muka nemi allurar nan ta biyu mai hana jini tsinkewa, don na san ba mu da ita a ma'ajiyarmu. Washegarin isata Gwaram na tara Asabe da sauran, na jiƙa zane da ruwan zoɓo, na ce su faɗi yawansa. Duk suka faɗi ƙasa da abin da na zuba. Na yi musu tsawar da aka yi mini, har da ƙari.

Kwana tara da dawowata, ranar kasuwa da hantsi, naƙuda ta tashi. Asabe ce ta shiga da ita, don ba zan karɓi haihuwar 'yar fari ba ina da mai karɓa. Na zauna a benci a waje tare da uwar mijinta da ta zo daga Maruta. Kafin azahar muka ji kukan jariri. Asabe ta leƙo ta ce namiji ne, mabiyiya ma ta faɗo, an yi allurar da aka saba. Tsohuwa ta rangaɗa guɗa, muka shiga.

Yarinyar tana kwance tana murmushi, an ɗora mata ɗan a ƙirji, ledar tana rataye a ƙarshen gado. Uwar mijin ta gan ta ta ce, "Wannan kuma fa? Yau ga sabon salo, jinin biƙi ake tarawa? Ku bar shi ya fita mana, ai dattin ciki ne, in ya zauna shi ke zama ciwo."

Na ce, "Yaya, fita zai yi, ƙirga shi kawai muke yi."

Na tambayi yarinyar yaya take ji. Ta kawar da kai don kunyar surukarta, ta ce, "Lafiya lau, Inna." Kuma wallahi lafiya lau na gan ta. Ba ambaliya, ba gudaji, ɗan siririn jini ne kawai yake bi a hankali ba ƙara. Fuskarta da haske, tana wasa da yatsun ɗanta. Bayan kwata, wato minti goma sha biyar, na duba leda, yana ƙasa. Bayan wata kwatar na sake sunkuyawa, sai na ga ya hau kan layi, yana ƙoƙarin wucewa.

Na ɗago na dubi yarinyar, na sake duban leda. Idona yana ce mini ba komai. Shekara talatin na aiki suna ce mini ba komai, ki bari a ga. Sai na ji bakina ya buɗe da wata murya da ban san ina da ita ba.

"Asabe! Ya kai! Duka, yanzu!"

Na miƙa wa tsohuwa jariri na ce ta fita. Na ɗora hannu a marar 'yata, na ji mahaifar lagwaf kamar ƙullun da bai tashi ba. Na shiga murzawa da ƙarfina, sai ga gudaji suna faɗowa, ashe a ciki yake taruwa. Asabe ta huda jijiya ta ɗaura ruwa, ta zuba allura ta farko, wata ma'aikaciya tana tura ta biyu a hankali, wata ta ruga ta ce direba ya tada mota ko za a wuce Birnin Kudu. Sai a lokacin yarinyar ta ce, "Inna, jiri nake gani." Leɓenta ya fara fari. Na ce, "Kalle ni, kar ki rufe ido." Ina murzawa ina salati, gumi yana shiga mini ido, ba hannun sharewa.

Ban san minti nawa aka yi ba. Na dai ji abin ya fara taruwa a ƙarƙashin tafina, ya dunƙule, ya yi tauri kamar goruba. Asabe ta duba ta ce ba yagewa. Muka zuba wa leda ido. Ɗigo, sai ɗigo, sai shiru. Muka ba shi kwata, bai motsa ba. Muka ƙara wata, bai motsa ba. Aka ce wa direba ya kashe mota.

Na zame na zauna a ƙasan ɗakin haihuwa da kayan aiki a jikina. Na gode wa Allah da ya nufa. Na gode wa Dakta da ta sa sunana, da matar can mai tsawa, da mutanen da ban sani ba, ba kuma zan taɓa gani ba, waɗanda suka zauna suka yi ta auna jinin matan wasu har suka gano abin da ya tsayar da na 'yata. Na yi kuka a gaban ƙananan ma'aikata, ban ji kunya ba.

Asabe ta tsuguna kusa da ni tana cire safar hannu. Ta yi ƙasa da murya don kada mai jego ta ji, ta ce, "Inna, tsakaninki da Allah, da ba ledar nan, me za ki yi lokacin da ta ce lafiya lau?"

Na dubi 'yata, an mayar mata da ɗanta, tana gyara masa kai a kan nono.

Na ce, "Rufa ta zan yi da zane, in ce ta samu barci. In tafi gida dama mata kunu."